Kunamar Tsohuwa

Kakana na wajen uba maharbi ne, kuma abin da ya bari mafi daraja a idon zuriyarsa shi ne bindiga guda ɗaya irin ta mutanen da, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Mahaifina ne ya gaje ta, shi ne kuma ya raɗa mata suna Tsohuwa, domin a faɗarsa tana da tari, tana da mita, ba ta kuma tashi aiki sai ta ga dama. Da Allah ya karɓi ransa sai ta faɗo hannuna, bisa hujja ɗaya tak, wato ni ne babba. Na kai ta gidana a Kankia, na naɗe ta cikin tsohon bargo tare da takardar izininta, na ɗora bisa kabad. Can ta yi zamanta shekara da shekaru, gama ni malamin makaranta ne, alli na sani da jan biro, ban taɓa harbin ko kurciya ba.

Shekarar da na yi ritaya daga hedimasta aka yi wani suna a gidanmu na gado a Ƙofa. Bayan an ci an sha muka shiga gaida Goggo, ni da ƙanena. Goggo ƙanwar mahaifinmu ce, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan kakana, saboda haka maganarta a gidan nan ba a ɗaukaka ƙara a kanta. Ƙanena kuwa manomi ne a Dudunni, yana taɓa farauta da rani, kuma ya daɗe yana haɗiyar miyau a kan Tsohuwa.

Ya ce, "Goggo, a tambayar mana Yaya, Tsohuwa tana da rai kuwa? Ni dai na ji an ce ɓeraye sun buɗe makaranta a cikinta, shi ne shugabansu."

Na ce masa bindiga tana nan lafiya lau, kuma adana kayan tarihi wani ilimi ne da ba a koyar da shi a bakin rumbu.

Goggo ta tauna goronta ta dube mu. Ta ce, "Kai Babba, bindigar ubana ce, ba littahi ba ce. Kahin a yanke gero ka kawo mani ita nan, in ja kunamarta da ɗan yatsana in ji ta ce ƙas. Ban ce a harbi kowa ba. In ta ce, taka ce. In ba ta ce ba, ta tahi Dudunni."

Kunama dai, ga wanda bai tashi gidan maharba ba, ita ce 'yar ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake ja da yatsa bindiga ta tashi.

Da na yi shiru a nan da an rabu lafiya, sai in kai wa masu gyara su gyara. Amma ƙanena ya ce in dai maƙeri za a kai wa, ai shi ma ya san hanyar maƙera. Girman kai ya ɗebe ni, na gyara zaman hulata, na shaida wa Goggo cewa da hannuna zan gyara ta, babu wani mahaluƙi da zai taɓa ta sai ni. Mutumin da ya koyar da lissafi da kimiyya shekaru talatin da biyar, in ji ni, ba ƙarfe biyu da itace ne za su gagare shi ba. Goggo ta ce ta ji, Allah ya kai mu.

Da na koma Kankia na sauko da bargon na warware, sai na tarar da abin da ya fi ƙarfin kimiyyata. Tsatsa ta cinye ta ja wur. Zanzaro ya gina gida a bakinta har hawa biyu. Kunamar kuwa na ja da yatsa ɗaya, na ja da biyu, na sa babban yatsa na tokare da gwiwa, ko gezau. Mai ɗakina ta leƙo ta ga ina gumi, ta ce, "Malam, in muciya kake nema akwai sabuwa a madafa."

Na fahimci cewa sai an kwance ta gaɓa gaɓa, kuma ba a kwancewa sai da kayan aiki. Kayan aikin da ke gidana a lokacin su ne reza, da almakashi, da wata guduma da ake fasa ƙanƙara da ita da azumi. Ranar kasuwa na sa babbar riga na fita nema.

A nan wajibi ne in bayyana wani abu. A shekarun nan da muke ciki, dattijo ba ya tsayawa tsakiyar kasuwa a ƙasar Katsina ya furta kalmar bindiga da ƙarfi, ko da kuwa ta kakansa ce wadda zanzaro ke haya a cikinta. Kafin ya rufe baki an waiwayo, kafin ya isa gida an kai labari inda bai aika ba. Don haka na ɗaura wa kaina niyya cewa a bakina sunanta Tsohuwa, ko a gida ko a waje, kuma ba za ta fita daga ɗakina ba sai ranar hukunci.

Mai sayar da kayan ƙarafa a kasuwar nan tsohon ɗalibina ne, yanzu har ya yi furfura a gemu. Na ce masa ina neman abin kwance ƙusoshin wata tsohuwar na'ura. Ya ɗauko mini wani akwatin roba mai sukundireba goma sha biyu a jere kamar sojoji, ya rantse mini cewa babu ƙusar da za ta gagare su tsakanin nan da Legas. Na kai gida cike da murna. Ashe ƙusoshin Tsohuwa ba injin ne ya yanka su ba. Wani maƙeri ne da ya riga mu gidan gaskiya ya tsaga kan kowace da hannunsa, bisa ga yadda ransa ya so a wannan rana, saboda haka kowace ƙusa da irin bakinta. Goma sha ɗaya suka ƙi shiga. Ta goma sha biyun ta shiga, na murɗa da ƙarfi, ta murɗe ita kanta kamar alewa, ƙusar tana kallona.

Na je wurin wani bakanike a bakin tasha, ya saurare ni da ladabi, ya tsiyaya mini man inji a kwalba, ya ce sauran kuma sai maƙera. Abin da nake gudu ke nan, domin maƙerin da na sani guda ɗaya ne, yana garin Boko, kuma taubashina ne.

Mahaifiyata 'yar maƙera ce, al'amarin da dangin ubana ba su cika ambatonsa ba. Wannan maƙeri ɗan yayanta ne namiji, ni kuwa ɗan mace, don haka bisa al'adar taubasantaka shi ne ubangida ni ne bawa, kuma tun muna yara bai taɓa yafe mini ko kwana ɗaya na bautar ba. Na same shi zaune a rumfarsa, ƙafa ɗaya a miƙe, yana gyaran bakin lauje.

Ya ɗaga kai ya ce, "A'a! Bawana ne da babbar riga? Ka gama boko, yau ka zo Boko karatu ke nan?"

Na gaishe shi gaisuwar mutunci, na matsa kusa na rage murya na faɗa masa buƙatata. Na miƙa masa takardar da na kwana biyu ina zanawa, kowace ƙusa da siffarta da awonta da rula. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya yaba kyan rubutuna, sa'an nan ya ƙunshe sauran goronsa a ciki ya sa aljihu.

Ya ce, "Koma gida ka sami sabulu, ka danna shi bisa kan kowace ƙusa, ka kawo mani sawun. Ƙarhe bai san inci ba."

Na roƙe shi ya ara mini nasa kayan na mako guda. Ya yi dariya har da tari. Ya ce a gidansu ba a ba da aron kayan aiki, kakansu bai bayar ba, ubansa bai bayar ba, kuma ba a kan bawa za a fara ba. Kowane maƙeri ƙera nasa yake yi, da awartakin uban gidansa yake riƙe ƙarfen da zai zama nasa awartakin, daga nan kuma ya tsaya da ƙafarsa. Na ce to ya ƙera mini. Ya ce ai labari ya iso masa cewa na yi rantsuwa a Ƙofa da hannuna zan yi kome, shi kuwa ba zai taimaki dattijo ya ci amanar bakinsa ba.

Na lura masa cewa rantsuwata a kan bindiga take, ba a kan kayan aiki ba.

Ya ce, "Tuɓe rigar nan, bawa. Ga zugazugi can."

Haka na soma zirga-zirga tsakanin Kankia da Boko, da sabulun wankan mai ɗakina a aljihu, duk jikinsa tabon ƙusoshi. Ni da ake miƙewa tsaye in na shiga ofis, sai ga ni zaune a ƙasa cikin singileti ina zuga gawayin ƙirya, manoma masu kawo gyaran fartanya suna yi mini sannu da aiki, wasunsu na taɓa korar 'ya'yansu saboda makara. Ƙarfen da muka yi aiki da shi guntun sifirin mota ne da wani karyayyen magagari da ya tono daga ƙarƙashin tarkace. Ya ce ƙarfen da ya sha wahala ya fi wanda ya zo a akwatin roba hankali.

Ban san cewa ja iri iri ne ba sai a rumfar nan. Ni ina ganin ƙarfe ya yi ja in ciro, sai ya ce wannan jan goro ne, mayar. In bari ya daɗe, sai ya ce na ƙone shi, uwata ta yi asarar nono. Abin da na fara bugawa a kan uwar maƙera, da niyyar ya zama sukundireba, ya fito da faɗin kai da siririn wuya. Taubashina ya ɗaga shi ya nuna wa jama'a, ya ce su shaida yau an ƙera ludayin shan kunun aljanu. Na biyu ya yi kyau ƙwarai har na soma murmushi, na tsoma shi a ruwa da gaggawa, da na gwada shi ya karye ɓas. Masaba ta sami babban yatsana sau biyu, tartsatsi ya huda mini wando a wurin da ba a faɗa.

Amma fa a yi mini adalci. Cikin mako uku na ƙera sukundireba uku, kowace daidai da sawunta a sabulu, na fere musu ƙota da itacen marke. Na ƙera ƙaramin awartaki wanda haƙoransa suka haɗu, ko da yake ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo. Na miƙar da wani dogon tsinken ƙarfe na tura tsumma a goge ciki. Ranar da na gama, taubashina ya jujjuya su a hannu, daga bisani ya ce jinin uwata ya yi ƙoƙari, duk da abin da aka gauraya masa. Tun da nake ban taɓa samun takardar yabo da ta yi mini daɗi kamar wannan zagi ba.

Da su na kwance Tsohuwa. Ƙusoshin suka fito ɗaya bayan ɗaya suna kuka, na rushe gidan zanzaro, na goge tsatsa har hannuna ya yi kanta. Kunamar ce kawai ta ƙi. Na jiƙa ta da man bakanike kwana uku, tana nan a ƙage. Gero kuwa ya riga ya fitar da kai ya soma nauyi. Na sake hawa mota zuwa Boko.

Na iske wata Bafulatana mai tallar nono ta sauke ƙwaryarta a inuwar rumfar, tana dama wa taubashina fura. Ganin baƙuwar fuska ya sa na riƙe ƙa'idata.

Na ce, "Ubangida, kunamar nan ta Tsohuwa ta hana ni sukuni. Kwana uku ke nan ko motsi ba ta yi. Na shafa mai, na jiƙa, na yi addu'a, shiru. Bakin ma da ya toshe da ƙyar na samu ya buɗe."

Bafulatanar ta dakata da damu. Ta ce, "Subhanallahi! Malam, wace tsohuwa?"

Na ce, a taƙaice domin in kashe maganar, "Ta gidanmu ta Ƙofa."

Ta ce Allah ya sawwaƙe, Allah ya tashi kafaɗarta. Na ce amin, ina mamakin tausayin Fulani har ga kayan ƙarfe. Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi da sauri. Taubashina ya sunkuyar da kai cikin kwanon fura, kafaɗunsa suna rawa, na ɗauka ƙwarewa ya yi. Ashe ya san sarai cewa rugar su Bafulatanar tana kan hanyar Ƙofa, kuma ita ce mai kai wa Goggo nono. Amma ya bar ni cikin duhu. Ya dai sa ni na ƙera wani ɗan siririn ƙarfe na sakace tsatsa, ya ce in daina yi wa kunama ƙarfi, in lallashe ta.

Na lallashe ta, kwana biyu bayan haka ta motsa. Na mayar da kome mazauninsa na ɗaure, na ja. Ta tafi baya ta dawo gaba tana lilo kamar haƙorin da ya kusa faɗuwa, babu ƙas, babu ko ƙis. Da na duba tabarma sai ga wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe ya rage, wanda na rantse ban san daga inda ya fito ba. Na kwance na ɗaure sau huɗu, kullum shi ne ke raguwa.

Ina cikin wannan hali wayata ta soma kuka. Wani ɗan uwa daga Kusada ya ce yaya jikin Goggo. Wata daga Kano ta ce don me aka ɓoye musu. Limamin unguwarmu ya tare ni a ƙofar gida ya ce ya ji kunama ta harbi tsohuwarmu har ba ta motsi, baki ya rufe. A nan ne ƙwaryar nonon ta faɗo mini a rai. Na nufi Ƙofa a ranar, ina shirya kalmomin ban haƙuri.

Na tarar da takalma a ƙofar ɗakin Goggo kamar ana rabon zakka. Tana kwance bisa gado, an naɗe mata ƙafar hagu da tsumma, an shafe ta da wani baƙin magani. Gefen gadon ga ƙwaryar nono, ga zuma, ga sukari da sabulu, ga turmin atamfa, ga zabi biyu a ɗaure waɗanda ƙanena ya kawo da kansa daga Dudunni. Da ta gan ni ta yi wani nishi mai tsawo, ta ce kowa ya fita za ta yi wa Babba wasiyya.

Da ɗakin ya zama daga ni sai ita, ta tashi zaune garau ta jawo zumar.

Na ce, "Goggo, ki gafarce ni, kuskuren baki ne. Yanzun nan zan fita in bayyana wa jama'a."

Ta ce, "Ka bayyana masu mi? Ina zaune ina tsinkar zogale yarinyar ga mai nono ta shigo da kuka. Na ce lahiyata lau, ta ce ƙarfin hali ne. Maƙwabta suka cika gida. Ina cikin musu sai ga ƙawata ta Dudunni da na shekara bakwai ban gani ba, an ɗauko ta a mashin, da zuma. To daga nan ne na ji ƙahwar ta soma zugi." Ta lashi cokali. "Ina cikin ɗakin ga, ba mai leƙo ni sai an haihu ko an mutu. Kunama guda ta tara mani dangi. Kai kuma ka zo ka kore su?"

Na zauna a bakin gadon. Ta tambaye ni labarin ɗaya tsohuwar, na gaya mata gaskiya, har da ƙarfen da ya rage.

Ta ce, "Wa zai ji ƙas ɗin, ni ko kai?"

Na ce ita.

"To kunnena nawa ne. Kai dai ka riƙe bakinka, ka kuma taimaka. Suna ta tambaya wa ya ga kunamar, ni na ce masu kai ka kashe ta."

Ni da na yi shekaru ina sa yara tsallen kwaɗo a kan ƙarya, na fita tsakar gida na tsaya gaban dattawa da mata, na nuna tsawon kunamar da tafin hannuna. Na ce da takalmi na kashe ta, bugu uku. Da aka yi salati sai na ji harshena ya saki, na ƙara mata kauri, na ba da bayanin dafinta bisa kimiyya. Goggo ta yi jinya kwana tara. Ranar na shida ta manta ta ɗaure ƙafar dama, aka ce dafin ne ke yawo.

Da aka soma yankan gero na naɗe Tsohuwa cikin tabarma, takardarta a aljihuna, na kai ta Ƙofa a motar wani aminina. Aka kira ƙanena. Goggo ta ɗora bindigar bisa cinyarta, ta shafa itacen ta daɗe, ta ce nan ne hannun ubanta yake zama. Sa'an nan ta sa yatsa ta ja. Kunamar ta tafi ta dawo shiru, kamar an kaɗa wutsiyar akuya.

Goggo ta ce, "Ta ce ƙas."

Ƙanena ya ce, "Goggo, wallahi ban ji kome ba."

"Yaushe za ka ji? Harbin zabi ya kashe maka kunne. Babba, ɗauki abarka."

Na naɗe tabarmata cikin natsuwa. Ƙanena ya rako ni har zaure, ya riƙe mini gefe ɗaya, abin da bai saba ba. Da muka kai bakin ƙofa ya ce, "Yaya, tambaya gare ni. Kunamar nan da ka kashe, ran nan ka ce wa liman baƙa ce. Jiya kuma na ji ka ce wa mai unguwa ja ce."

Na karɓe gefen tabarmar daga hannunsa, na dube shi irin duban da nake yi wa mai duba makarantu in ya zo ba sanarwa.

Na ce, "Biyu ne."